Inna Ummu Mai Wankan Jego

A Fakku, in mace ta haihu, kafin labari ya kai ga dangin miji an riga an aika wa Inna Ummu. Sunanta na yanka Ummulkulsum, amma rabon da a kira ta da shi tun mijinta na da rai. Ba ita ke karɓar haihuwa ba, wannan aikin ungozoma ne. Nata aikin yana farawa ne bayan an share ɗaki: wankan kwana arba'in, safe da yamma, da ruwan da ya tafasa a ƙatuwar tukunyar ƙarfe, da ganyen dogon yaro da take tsomawa tana fyaɗa wa mai jego har tururi ya rufe su duka biyu. In an gama sai kunun kanwa mai kauri, ƙwarya guda, sai kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa.

Wurin gwaggonta ta koya, tun tana goyon fari. Gwaggon ta nuna mata cewa jikin mai jego a buɗe yake, sanyi na neman ƙofar shiga, kuma in ya shiga sai ya kumbura mace ya kashe ta. Maganinsa wuta da kanwa. A kan wannan Inna Ummu ta yi shekara talatin. Tafin hannunta ya yi kanta har takan ɗauki garwashi da yatsu ta mayar cikin murhu tana hira.

Ta haifi tara, huɗu suka rayu. Da mijinta ya rasu ba ta sake aure ba, ta ci gaba da zama a sashenta cikin gidan wansa, Malam Gidaɗo, wanda ke karantar da magidanta littattafai a zaure. Wankan ne ya riƙe ta. Ba ta rasa sabulu da hatsi da cinyar ragon suna, amma abin da ya fi mata waɗannan shi ne yadda mata ke sassauta murya in ta shigo gida, da yadda ake cewa wance ta yi kyau bayan arba'in domin hannun Inna Ummu ta bi.

Ba duk waɗanda ta wanka ne suka ga arba'in ba. A cikin shekarun nan akwai waɗanda suka kumbura, suka yi ta tari, suka tafi. Kowace da bayanin da aka yi a kanta. Wannan ta sha ruwan randa a ɓoye. Waccan mijinta ya yi rowar itace. Inna Ummu ta yarda da bayanin, domin ba ta da wani.

Daminar bara waccan, autarta Rumasa'u ta zo goyon ciki daga Kebbe, inda take aure. Cikin fari ne. Ta haifi mace lafiya, aka sa mata Raihanatu. Mijinta Nu'umanu ya sauke itace amalanke biyu a ƙofar gida, ya ga suna, sannan ya koma sana'arsa ta bin motocin shanu zuwa kudu. In ya tafi yakan yi kwanaki wayarsa ba ta shiga.

Inna Ummu ta ɗauki wannan wankan da wata irin himma. Duk garin zai duba ya ga yadda ɗiyar mai wanka za ta fito. Ruwan wasu takan ɗan sirka shi, na Rumasa'u kuwa ba ta sirkawa. Yarinyar kuwa ba ta taɓa cewa uffan ba. An rene ta a kan cewa mai haihuwar fari ba ta raki, kuma ba ta son a ce ɗiyar Inna Ummu ce ta yi kuka a bayan ɗaki.

Ran kwana goma sha tara, Inna Ummu ta lura yarinyar na jan takalmi, dugaduganta a waje.

"Auta, mi yas samu ƙafarki?"

"Ba komi, Inna. Zama na."

Washegari da safe ta same ta zaune jingine da bango, jaririya a cinya. Da ta matsa mata, sai ta ce haka ta kwana, in ta kwanta numfashinta toshewa yake yi. Tana maganar tana tsayawa tsakanin kalma da kalma, ga wani busasshen tari.

 Inna Ummu ta san wannan, sanyi ne ya sami ƙofa. Ta duba randa, ta duba taga, ta tambayi matan gidan ko wani ya ba yarinyar ruwan sanyi. Kowa ya rantse. Ranar ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu, ta tsaya a kanta sai da ta shanye ƙwaryar.

Kwana biyu bayan haka Kamila ta shigo gidan. Ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garin, 'yar Sanyinna, ba ta fi shekara ashirin da shida ba, tana zagaya gidaje da akwatin allurar rigakafi. Ta yi wa jaririya abin da ya kawo ta, amma idonta na kan uwar. Ta durƙusa ta danna babban yatsa a ƙaurin Rumasa'u. Da ta ɗauke, ramin ya tsaya kamar an danna tuwo. Ta ɗora mata abin sauraren ƙirji a baya, ta daɗe tana ji.

"Inna, don Allah mu ɗan keɓe," in ji ta.

Suka tsaya a gindin rumbu. Kamila ta ce ruwa ne ya taru a jikin yarinyar har ya fara hawa huhu, domin zuciyarta ta gaji. Ta ce a dakatar da ruwan zafi da kanwa daga yau, a kai ta babban asibiti a Tambuwal, domin abin ya fi ƙarfin wurinsu.

Inna Ummu ta dube ta daga sama har ƙasa. Matan gida biyu sun daina daka suna saurare.

"Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nika wanga aiki. Sanyi na. In an bar wuta yanzu, shi ke nan an ba shi hanya."

"Inna, na san kin fi ni ganin masu jego. Amma wannan na gan shi, kuma na ga inda yake ƙarewa."

"Mai jego ba ta fita kahin arba'in. Kuma mijinta ba shi nan."

Kamila ba ta ja ba. Ta rubuta lambar wayarta da gawayi a jikin rumbun, ta ce ko yaushe ne a kira ta, ta ɗauki akwatinta ta fita.

Da yamma Inna Ummu ta yi wankan kamar kullum. Amma hannunta bai sake ba. Tana fyaɗa ganyen tana kallon jijiyar wuyan yarinyar da ta taso tana harbawa. Ta gaya wa kanta cewa in ta saurari 'yar asibiti, gobe duk Fakku za a ce mai wankan gari ta kasa wanke ɗiyarta. Ta kuma gaya wa kanta cewa ba wannan ne dalilinta ba. Ba ta tabbata wanne ne gaskiya ba.

Ran kwana ashirin da huɗu, Alhamis da hantsi, ta tsoma ganye ta ɗaga ke nan sai Rumasa'u ta zame daga kan turmin da take zaune. Ba ta suma ba, idonta a buɗe, bakinta a buɗe, tana jan iska kamar wadda aka danne wa ƙirji. Ta yi tari, wani kumfa mai ɗan ja ya fito.

Inna Ummu ta tsaya da ganyen a hannu. Ta taɓa ganin kumfan nan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a bakin Zulfa matar maƙeri, wadda ita ma ta kumbura, ita ma aka ƙara mata wuta da kanwa, kuma da hannun Inna Ummu aka ƙara. Zulfa ba ta kai magariba ba ranar da kumfan ya fito. An ce ta sha ruwan randa. Sai yanzu Inna Ummu ta tuna cewa babu wanda ya ga ta sha.

Ta yar da ganyen, ta ɗaura wa yarinyar zane, ta kira matan gida suka kama ta zuwa inuwa suka jingine ta. Nan da nan tsakar gida ta cika. Wata ta ce a kawo garwashi a yi hayaƙi. Wata ta ce a karɓo rubutu. Wata tsohuwa, ƙawar Inna Ummu tun ƙuruciya, ta kama hannunta ta ce, "Ummu, kar ki rikice. Ki maida ta gadon wuta, zufa za ta fitar da shi."

"A kashe wutar ga," in ji Inna Ummu.

 Ba wadda ta motsa, sai ita da kanta ta ɗauki bokiti ta sheƙa wa murhun. Ta sa matar ɗanta ta kwafi lambar da ke jikin rumbu ta kira Kamila, sannan a kira Nu'umanu. Ta Kamila ta shiga. Ta Nu'umanu a kashe. Aka sake kira, a kashe.

A shekarun da ta yi a gidan, Inna Ummu ba ta taɓa shiga zaure Malam Gidaɗo na karatu ba. Ranar ta yafa mayafi ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Magidanta shida suka sunkuyar da kai kan littattafansu. Malam ya ga fuskarta, ya rufe nasa ya taso.

"Malam, Auta za ta mutu. Tambuwal nika son a kai ta, yanzu."

"An samu mijinta?"

"Wayar ba ta shiga."

Malam Gidaɗo mutum ne mai bin abu a kan ƙa'ida. Ya ce matar mutum ce, ba a fitar da ita gari ya gari ba da sanin gidansu ba. Ya ciro wayarsa ya kira Bube, mahaifin Nu'umanu, a Kebbe. Inna Ummu na tsaye tana jin muryar tsohon tana fitowa daga wayar. Bube ya ce su a gidansu ba a taɓa fitar da mai jego ba, iskar hanya ma kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Ya ce a jira zuwa gobe, zai zo da kansa da wani magani da uwarsa ta bar musu. In kuma an fitar da ita wani abu ya faru a hanya, to, ba da yawunsa ba.

Malam ya kashe wayar, ya shafa gemu. Daga cikin gida ana jiyo tarin.

"Ummu, ke da kanki kinka ce a kai ta? Ke da ke wanka?"

"Ni da kaina."

"Kina ganin ba ta kai gobe?"

"Ba ta kai magariba, Malam. Na taɓa gani."

Bai tambaye ta inda ta gani ba. Ya juya ga ɗalibansa ya ce karatun yau ya ƙare, kuma su shaida: ceton rai yana gaba da neman izini, shi ya ba da umarni, in mijin ya dawo da magana shi zai amsa. Ya aiki ɗaya daga cikinsu ya kira Haliru direba.

Haliru ya zo yana duban sama. Hadari ya haɗu a gabas, ga shi an kusa azahar, kuma saboda halin rashin tsaro da ake ciki ba mai bin hanyar nan bayan la'asar. Ya ce rafin da ke gaba ya cika tun ruwan shekaranjiya, bai san ko mota za ta haye ba. Malam ya ce ya kai su inda mota ta tsaya, sauran na Allah ne. Shi ma ya shiga gaba.

Aka zaunar da Rumasa'u a baya, domin Kamila da ta iso ta ce kada a kwantar da ita. Inna Ummu ta zauna a bayanta ta rungume ta ta zama mata majingina. Kamila ta riƙe jaririya. Da motar ta fito, mata na tsaye a ƙofofin gidaje suna kallo. Inna Ummu ba ta dubi kowa ba.

Hanyar duk taɓo ce. Sau biyu motar na kafewa, Malam da kansa ya tattare riga ya tura. Duk ramin da suka faɗa sai numfashin yarinyar ya tsaya, Inna Ummu ta ƙidaya a ranta har ya dawo. Can Rumasa'u ta motsa baki.

"Inna, ki yafe mini. Na ɓata miki suna."

"Yi shiru, Auta. Ja numfashi kawai."

A bakin rafin Haliru ya tsaya ya fita ya shiga ruwan da ƙafa. Ya kai masa ƙugu. Ya dawo yana girgiza kai. A ɗaya gaɓar akwai wata motar haya da ta sauke fasinja tana shirin juyawa, direban na ɗaga hannu yana nuna hadari. Malam Gidaɗo ya ɗaga murya, abin da ba a san shi da shi ba, ya roƙe shi don Allah ya jira. Wasu manoma da ke jiran ruwa ya ja suka aro kujerar wani mai shayi da ke bakin rafin, aka ɗora Rumasa'u a kai, maza huɗu suka ɗaga ta bisa kafaɗa suka shiga. Inna Ummu ta bi su a gefe, ruwa har ƙirjinta, hannunta riƙe da ƙafar yarinyar. A tsakiya ɗaya daga cikin mazan ya zame, kujerar ta karkata, sauran suka tare. A haka suka taka tudu.

Ruwan sama ya same su kafin su hau kwalta. Ana kiran la'asar suka shiga Tambuwal.

A asibiti aka karɓe ta da gudu, aka sa mata robar iska a hanci, aka yi mata allurar da ke fitar da ruwa daga jiki. Inna Ummu ta zauna a benci da jiƙaƙƙen zane, ba ta yarda ta canza ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa likita ya fito, wani siriri mai furfura kaɗan. Ya ce numfashin ya fara daidaita, amma sai an ga kwana biyu. Ya tambayi wa ke yi mata wanka.

"Ni ce uwarta, ni ka yi mata."

Ya tambayi zafin ruwan, da yawan kanwar, da kwana nawa ƙafar ta yi a kumbure. Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba. Da ya gama rubutu ta ce, "Likita, ka gaya mini gaskiya. Ni na yi mata wanga?"

Ya ajiye biron. Ya ce ciwon yakan kama wasu mata bayan haihuwa ko ba a yi musu wanka ba, kuma ba a gama sanin dalilinsa ba. Amma kanwa tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki, don haka wadda zuciyarta ta riga ta raunana, su ne ke ƙarasa kayar da ita. "Ba ke kika kawo shi ba, Inna. Amma kin ƙara masa nauyi. Kuma ke kika kawo ta nan."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ta je bayan ɗakin ta yi alwala, ta daɗe a tsugune da buta a hannu.

Rumasa'u ta yi kwana goma sha shida a asibiti. A rana ta uku wayar Nu'umanu ta shiga, ya baro shanun a hannun abokinsa ya kamo hanya. Da ya iso ya durƙusa ya gaida surukarsa, bai ce komai game da izini ba. Bube ne ya yi wata uku ba ya gaisawa da Malam Gidaɗo. An sallami Rumasa'u da ƙwayoyin da za ta daɗe tana sha, da sharaɗin rage gishiri, da wani sharaɗin da ya fi wannan nauyi: kada ta sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar ya yarda, ko da zai kai shekaru.

Inna Ummu ta koma Fakku ta ci gaba da wanka, amma ba irin na da ba. Ruwan yanzu mai ɗumi ne wanda gwiwar hannu ke iya jurewa, kunun kuma ba kanwa. In ta ga ƙafa ta fara tashi, ranar take aika wa Kamila. Gidaje da yawa sun daina kiranta. Ƙawarta ta ƙuruciya ce ta gaji yawancinsu, tukunyarta na tafasa kamar yadda aka saba. Ana cewa tun da Ummu ta shiga ruwan rafi hannunta ya yi sanyi. Wasu 'yan matan kuwa su ke roƙon iyayensu a kira ta, wasu akan yarda, wasu a ƙi. Maganar Zulfa ba ta taɓa yi da kowa ba, sai dai duk Juma'a takan dafa abinci ta aika gidan maƙeri, inda 'ya'yan marigayiyar suke.

Bana Raihanatu ta shiga shekara biyu, an yaye ta, kuma a Kebbe an fara tambayar yaushe za a yi mata ƙane. Uwar Nu'umanu ta ce Rumasa'u ta yi ƙiba, tana daka tana ɗebo ruwa, wane ciwo kuma ya rage. Rumasa'u ba ta iya amsa wa surukarta, sai ta kira uwarta a waya tana magana ƙasa-ƙasa.

Ran kasuwar da ta wuce Inna Ummu ta hau mota ta tafi Kebbe, da takardar likita a ƙulle a bakin zane. A al'ada ba ta zama ta yi doguwar magana da mijin ɗiyarta ba, balle irin wannan. Ta sa aka kira shi, da uwarsa, da Bube, ta zauna a tabarma ta ba su labarin ranar Alhamis ɗin tun daga turmi har bakin rafi, domin ba wanda ya gani a cikinsu. Uwar Nu'umanu ta ce haihuwa ta Allah ce. Inna Ummu ta ce haka ne, ba ta musa ba. 

Nu'umanu ne ya miƙa hannu biyu ya karɓi takardar. Ya ce watan gobe zai kai Rumasa'u Tambuwal a sake duba ta, abin da likita ya ce shi za a yi. Uwarsa ta tashi ta shiga ɗaki. Inna Ummu ta ƙi tsayawa cin abinci, domin akwai mai jego ɗaya da ke jiran ta a Fakku, kuma tana son ta haye rafi kafin la'asar.